Na 249 a Layi: Amsoshin Wasiƙunku kan Ɗan Legas ɗin Filadelfiya

Tun da aka kammala zaɓen sababbin 'yan wasan ƙwallon Amurka na 2025 a garin Green Bay ƙarshen watan Afrilu, wasiƙu suka taru mini a kan wannan wasa da mutanenmu suke kira zari-rugar Amurka. Na tsamo uku na amsa su kafin a fara kakar 2025, biyu daga ciki a kan Moro Ojomo, haifaffen Legas da yake buga wa Eagles ta Filadelfiya. Masu jiran amsa kan gasar Firimiya su ƙara haƙuri zuwa fitowa ta gaba, musamman magoya bayan Manchester United, waɗanda dama haƙurin ya zame musu jiki.

Tambaya: Kawu, ina da gidan kallon ƙwallo a Kano. Wani dare bayan jama'a sun watse ina canja tasha, sai na ci karo da wani taro. Wani mutum cikin kwat yana hawa dandamali ya kira suna, sai ka ga wani ƙato ya rungume uwarsa yana kuka, a ɗora masa hula. Aka ce mini wai rabon 'yan wasa ake yi. Su ba sa sayen ɗan wasa ne kamar yadda Chelsea take yi? Kuma mece ce ma'anar a ce wane ɗan zagaye na ɗaya ne, wane na bakwai?

Amsa: Ɗana, mai kwat ɗin nan Roger Goodell ne, shugaban gasar NFL, kuma in ka ƙara murya za ka ji 'yan kallo suna yi masa ihu. Duk shekara haka suke yi masa, har abin ya zama al'ada, shi ma ya daina jin zafi.

Ƙungiyoyi 32 ne a gasar, kuma babu mai faɗawa ƙasa kamar yadda muka saba gani a Turai. Ba su da makarantun horar da yara irin na Barcelona ko Ajax. Jami'o'i ne suke renon 'yan wasa, sai yaro ya yi aƙalla shekara uku da gama sakandare sannan ya cancanci shiga layi. Daga nan ƙungiyoyi su zauna su zaɓa ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta fi kowa shan kashi a bara ita ke fara ɗauka, wadda ta ci kofi ita ce ta ƙarshe. In an zagaye duka 32, an yi zagaye ɗaya ke nan. Sau bakwai ake zagayawa cikin kwana uku, ana kuma ƙara wa wasu ƙungiyoyi 'yan gurabe a matsayin diyyar 'yan wasan da suka bar su. A 2025 mutum 257 aka ɗauka. Tun 1936 suke wannan abu, sai dai adadin zagayen ya sha canjawa kafin ya tsaya a bakwai a 1994.

Yaron ba shi da ta cewa. Ko ɗan Fulorida ne da bai taɓa ganin ƙanƙara ba, in Buffalo ta kira sunansa, sai ya nemi rigar sanyi. Kuɗin da za a ba shi ma lambarsa ce take yanke masa, ba bakinsa ba.

Abin da ka gani daren farko ne, na 'yan gata. A zaɓen 2025 minti goma aka ba kowace ƙungiya ta yi shawara, ga kyamara, ga fitilu, ga dangi an yi ado. Ranar Asabar kuwa, da ake yin zagaye na huɗu zuwa na bakwai, kasuwa ce ta yi yamma. A zagayen ƙarshe minti huɗu kacal ake bayarwa, sau da yawa ma ana cikin talla sunan yaro zai gilma a ƙasan allo, shi ke nan an ɗauke shi. In ka taɓa zama a karar Wudil har la'asar, lokacin da manyan bijimai sun hau mota kuma dillalai suna duba haƙoran abin da ya rage, ka ga zagaye na bakwai. Wasiƙa ta gaba a kan wani na wannan lokacin ce.

Tambaya: Kawu, ni ɗalibi ne a Hustan, jihar Teksas. Muna ɗaki ɗaya da wani abokina ɗan Zariya, kuma shekara biyu ke nan muna musu a kan Moro Ojomo, haifaffen Legas da yake buga wa Eagles ta Filadelfiya. Ranar da aka ɗauke shi a 2023 abokina ya yi dariya, ya ce na 249 ai ɗan cike gurbi ne, ba zai ga kaka ta uku ba. Ni kuma na ce tauraro zai zama, domin Tom Brady da Brock Purdy ma a baya aka ɗauke su. Yanzu ga shi ya ci kofi, Milton Williams da yake gabansa kuma ya tafi. Abokina ya ce sa'a ce, a inuwar manya ya fake. Mun yi alkawari duk wanda ya faɗi shi zai yi wanke-wanke na wata guda. Mun yarda kai ne alƙali.

Amsa: To, na karɓi alƙalanci, tunda ba kuɗi kuka sa ba. Amma ka sani tun yanzu, ba za ka fita daga kotun nan kana dariya yadda kake tsammani ba.

Bari in fara da laifina, don kada ka ɗauka ban taɓa faɗa wa ramin da abokinka ya faɗa ba. Na yi shekaru ina tuƙa tasi da dare a Filadelfiya, kuma a rediyon mota na koyi wasan nan, daga bakin mutanen da suke buga waya ƙarfe biyun dare suna zagin koci. A 2018 ina zaune a shagon wani mai aski ɗan Mali aka sanar cewa Eagles ta ɗauki wani Jordan Mailata a lamba ta 233. Ɗan Ostireliya ne, ɗan zari-ruga irin ta Ingila, bai taɓa buga wasan Amurka ko sau ɗaya ba a rayuwarsa. Na ɗaga murya na ce an zubar da ƙuri'a a kwata, girman jiki ba ya koya wa mutum karatu. Shekara biyu bai taka fili a wasan gasa ba, ni kuwa duk zuwa aski sai na tuna wa jama'a maganata. A 2020 ya fara bugawa. A 2021 suka ba shi kwantiragin dala miliyan 64 na shekara huɗu, shi ne yake tsare bayan mai jefa ƙwallo ta hagu, ɗaya daga wurare mafi tsada a fili. Mai askin nan bai bar ni na sha ruwa ba har na bar garin. Saboda haka in na ce abokinka ya yi gaggawa, na san ɗanɗanon abin.

Sai dai kai ma hujjarka tana ɗingishi. Duk wanda ƙungiyarsa ta ɗauki yaro ranar Asabar, sunan da yake fara fitowa daga bakinsa Brady ne. Gaskiya ne an ɗauki Brady a lamba ta 199 a shekarar 2000, bayan an ɗauki masu jefa ƙwallo shida a gabansa, ya kuma ƙare da kofin Super Bowl, wato kofin zakarun gasar, har bakwai. Amma ka tambayi kanka, sunan wa ka sani a cikin na 198 da na 200 na shekarar? Dalilin da ya sa labarin Brady yake bakin kowa shi ne ba a cika samun irinsa ba. Mai cin caca ɗaya ake sa wa hoto a jarida, dubun da suka rasa kuɗin cefane ba mai neman su.

Sannan ka duba yadda ƙofar ta buɗe musu. Brady na huɗu ne a layin masu jefawa a shekararsa ta farko a New England. A gabansa akwai Drew Bledsoe, wanda aka ba kwantiragin fiye da dala miliyan 100 a farkon 2001. A watan Satumba na shekarar wani ɗan ƙungiyar Jets mai suna Mo Lewis ya yi wa Bledsoe karon da ya kai shi asibiti, sannan Brady ya samu shiga. Purdy kuwa shi ne na ƙarshe ƙaf a 2022, lamba ta 262, wanda Amurkawa suke yi wa laƙabi da Mr. Irrelevant, wato wanda ba a lissafi da shi. Har biki ake shirya wa mai wannan lamba a Newport Beach ta Kalifoniya tun 1976, rabi girmamawa rabi tsokana. San Faransisko, wadda ta ɗauke shi, ta riga ta zuba zaɓenta na zagayen farko har na shekara uku a kan Trey Lance. Sai Lance ya karye a idon sawu, Jimmy Garoppolo ya karɓa, shi ma ya karye a ƙafa a watan Disamba. Mutum biyu suka faɗi kafin a waiwayi Purdy. A wasansa na farko da ya fara daga farko ya lallasa Tampa Bay ta Brady 35 da 7, ya kai San Faransisko wasan ƙarshe a Fabrairun 2024, a watan Mayun 2025 kuma aka ba shi dala miliyan 265 na shekara biyar. Iyawa tana nan, ba wanda ya musa. Amma da ƙasusuwan mutum biyu ba su karye ba, wataƙila har yau yana gefen fili riƙe da allo. Faɗuwar wani tashin wani, kuma ba abin da mutum zai zauna yana lissafi a kai ba ne.

Ojomo ba ta wannan ƙofa ya shigo ba, shi ya sa na ce ku ajiye Brady a gefe ku duka biyun. Mai jefa ƙwallo mutum ɗaya ne a fili, in yana da lafiya na bayansa sai kallo. Ojomo kuwa ɗan tsakiyar bangon tsaro ne, cikin ƙattin da aikinsu shi ne su fasa layin abokan hamayya su kayar da mai jefawa ko su toshe wa mai gudu hanya. Aiki ne irin na dambe, babu mai jure shi daga farkon wasa zuwa ƙarshe, don haka karɓa-karɓa ake yi. Na uku da na huɗu a layi suna shiga kowane mako ba sai wani ya ji ciwo ba. Wannan shi ne abu na farko da nake dubawa in an tambaye ni makomar ɗan zagayen baya. Ban damu da lambarsa ba, ina tambaya ne, a wurin da yake bugawa mutum nawa ake buƙata, kuma su wa ke gabansa?

Kafin ma a kai nan akwai siraɗin watan Agusta, wanda masu kallo daga nesa ba su cika sani ba. Ƙungiya tana shiga sansanin atisaye da mutum 90, ƙarshen Agusta a zaftare su zuwa 53. Ɗan zagayen farko ba ya fargabar wannan rana, domin an riga an lamunce masa kuɗinsa, kuma manajan da ya zaɓe shi ba zai so ya tona wa kansa asiri ba. Jalen Carter, da Eagles ta ɗauka a lamba ta tara a shekara ɗaya da Ojomo, a wuri ɗaya kuma suke bugawa, kusan dala miliyan 22 aka rubuta masa, ko ya yi ko bai yi ba. Ojomo kwantiraginsa na shekara huɗu bai cika miliyan huɗu ba, abin da aka damƙa masa a hannu ranar sa hannu bai kai dala dubu ɗari ba, sauran kuwa sai in yana cikin jerin ake biya. Korarsa ba ta ci wa ƙungiya komai. Carter zai iya kuskure goma a ce yaro ne yana koyo, Ojomo in ya yi biyu a ce dama abin da ya sa ya kai zagaye na bakwai ke nan. Wanda aka sallama, in ya yi sa'a a ajiye shi cikin 'yan atisaye, mutum 16 da suke horo da ƙungiya amma yawanci ba sa sa riga ranar wasa. In bai yi sa'a ba ya haɗa jakarsa. Da yawa daga 'yan ranar Asabar a nan labarinsu yake ƙarewa. Saboda haka maganar abokinka ta 2023 ba ta wauta ba ce. Da mutum zai riƙa faɗin haka a kan kowane ɗan zagaye na bakwai, zai fi yawan cin gaskiya a kan faɗuwa. Kuskurensa shi ne bai dubi yaron ba, lambar kawai ya duba.

Da ya duba, ga abin da zai gani. An haifi Ojomo a Legas a watan Agustan 2001, iyayensa suka kawo shi Amurka yana ƙarami, suka fara zama a Kalifoniya kafin su koma Katy, nan kusa da ku. Da yake ya fara makaranta da wuri a Najeriya, ƙannen 'yan ajinsu ne a shekaru, bai cika 17 ba ya isa Jami'ar Teksas a 2018. Ya yi kaka biyar a can, amma ranar da aka ɗauke shi shekararsa 21. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yawancin masu kaka biyar a jami'a suna fitowa ne da 23 ko 24, jikinsu ya gama ginuwa, abin da ka gani shi za ka samu. Shi kuwa ya zo da ƙwarewar babba da jikin da bai gama cika ba. Sannan ɗakin da ya fito a Teksas cunkushe yake: Keondre Coburn, T'Vondre Sweat da Byron Murphy duk tare suke karɓa-karɓa, kuma dukansu sun shiga NFL, Murphy ma a lamba ta 16 aka ɗauke shi a 2024. Wanda yake raba kwano da irin waɗannan ba zai tara alƙaluman da za su cika ido ba. Ga kuma batun nauyi. Kilo 132 ko kusa da haka, a garinmu ƙato ne na nuna wa a biki, amma a tsakiyar bango, kusa da Jordan Davis na Eagles mai fiye da kilo 150, sai a ga kamar bai ƙoshi ba. Masu saye ba su son dabbar da ba su san rukunin da za su sa ta ba: ya yi nauyi a gefe, ya yi sauƙi a tsakiya. A ganina waɗannan ne suka ja shi baya har ya rage saura goma a rufe kasuwa, domin mutum 259 aka ɗauka a shekarar.

Shekararsa ta farko kusan a benci ya yi ta. Ba abin mamaki ba ne, Fletcher Cox yana nan, ga Davis, ga Carter, ga Williams. Amma bai faɗi a siraɗin Agusta ba, kuma ƙungiya ba ta yi kasadar sa shi cikin 'yan atisaye ba, inda kowace ƙungiya za ta iya zuwa ta ɗauke shi. Ni wannan ya fi gaya mini gaskiya a kan duk yabon da koci zai yi a gaban 'yan jarida. Cox ya yi ritaya a Maris 2024, koci Vic Fangio ya karɓi ragamar tsaro, Ojomo ya matsa gaba ɗaya a layi ya shiga karɓa-karɓar sosai. A wasan ƙarshe, ranar 9 ga Fabrairun 2025 a New Orleans, Eagles ta doke Kansas City 40 da 22, aka kayar da mai jefa ƙwallonta Patrick Mahomes sau shida ba tare da an riƙa turo ƙarin mutane daga baya ba. 'Yan gaba huɗu suka yi aikin, suna canja juna, kullum masu sabon numfashi a kan gajiyayyu. Ojomo yana cikin masu canjin nan. Zoben da aka ba shi na cin kofi ba na kyauta ba ne.

Amma abokinka bai yi ƙarya ba da ya ce akwai inuwa. Carter mutum biyu ake sa masa a yawancin lokaci, wanda ke gefensa kuma sai ya samu mutum ɗaya. Williams ya ci wannan moriya, ya kayar da Mahomes sau biyu a wasan ƙarshe, wata guda bayan nan New England ta ba shi dala miliyan 104 na shekara huɗu. Yanzu tambayar da ban ga wanda zai rantse a kanta ba ita ce: mutumin da ya yi kyau yana shiga jefi-jefi da ƙarfinsa, zai yi kyau in aka ninka masa aiki? Akwai bambanci tsakanin ɗan dakon da ake kira ya ɗauki buhu biyar da wanda zai sauke tirela. A watan Disamba, da sanyi, jiki duk tsami, ƙungiyoyi za su daina jefawa su riƙa turo gudu ta kansa don su gwada ko kilo 132 zai tsaya. A nan za a san maci tuwo. Kuma yanzu kowa yana da faifan wasansa, an san ta inda yake son kutsawa, ba zai ƙara zuwa wa kowa a ba-zata ba. Josh Sweat ya tafi Arizona, Brandon Graham ya yi ritaya a Maris 2025, wato a lokacin inuwar ma ta ragu.

Ka lura kuma da abin da ƙungiyar ta yi da hannunta. Ba ta fita kasuwa ta sayo babban suna ya gaji Williams ba, wannan shaida ce a gare ka. Amma a zagaye na huɗu na 2025 ta ɗauki Ty Robinson na Jami'ar Nebraska, a wuri ɗaya da Ojomo, wannan kuma shaida ce ga abokinka. Manajansu Howie Roseman ba ya sa ƙwansa a kwando ɗaya. Dole ce ma take sa shi haka, domin gasar ta yanka wa kowace ƙungiya iyakar abin da za ta kashe a albashi, a 2025 dala miliyan 279 da 'yan kai. In ka ba mai jefa ƙwallonka Jalen Hurts miliyan 255 na shekara biyar, ga taurari irin su Saquon Barkley da A.J. Brown, ga Carter yana tafe da nasa lissafin, to tilas sauran guraben ka cike su da yara masu araha da suke aikin manya. Ƙungiya irin wannan ba alfarma take yi wa ɗan zagaye na bakwai ba, da shi take numfashi. Eagles kuwa tana da tarihin haƙuri da irinsu. Jason Kelce a lamba ta 191 suka same shi a 2011, ya yi musu kaka 13.

Ga hukunci. Abokinka ya ce ba zai ga kaka ta uku ba. Sai dai in wani ciwo ya gitta, Allah ya kiyaye, zai gan ta, kuma da babban rabo a hannunsa. Wannan ɓangare ya faɗi. Kai kuma ka ce tauraro. Tauraro a wannan wuri shi ne wanda kocin abokan hamayya yake kwana yana tunaninsa, yake ware masa mutum biyu. A Filadelfiya yau Carter ne wannan, ba Ojomo ba. Abin da nake hange masa shi ne ya zama ƙwararren da ake dogara da shi, mai buga fiye da rabin wasa, mai kayar da mai jefawa sau biyar ko shida a kaka in abubuwa sun tafi daidai. Ga na 249, wannan riba ce da ta ninka jari sau ba adadi, amma ba ita ka yi alkawari ba. Abokinka ya yi wanke-wanken mako uku, kai ka yi na mako ɗaya, saboda ka jawo Brady cikin shari'ar da ba tasa ba. Tukwanen tuwo suna cikin mako ɗayan nan, kada ka ce ban faɗa ba.

Tambaya: Yaya, ni ma'aikaciyar jinya ce a Filadelfiya. Ɗana mai shekara tara ya dame ni sai na saya masa rigar Eagles mai sunan Ojomo, wai don ɗan Najeriya ne kamar mu. Rigunan nan da tsada. Wata abokiyar aikina ta ce kada in yi asara, in sayi ta Hurts, don irin su Ojomo yau suna nan gobe babu. Ya kake gani?

Amsa: Ƙanwata, abokiyar aikinki ta san garin. Sai dai ba ta hanyar da take nufi nake jin zai tafi ba. Kwantiraginsa yana ƙarewa ne bayan kakar 2026. In bai yi abin kirki ba za su bar shi ya wuce. In kuma ya yi sosai, wata ƙungiya mai sararin kuɗi za ta zo da abin da Eagles zai yi mata wuya ta biya, kamar yadda aka yi da Williams, su kuma su karɓi gurbin diyya su nemo wani yaron ranar Asabar. Zai iya zama, in sun yi saurin tsawaita masa kafin farashinsa ya tashi, amma ni ba zan ɗora kuɗin riga a kan haka ba.

Duk da haka ki saya masa. Rigar Hurts rabin ajinsu suna da ita. Yaron da ya tsallake sunan da ke kan kowane allon talla ya zaɓi na mutumin da aka haifa a ƙasar iyayensa, ba maganar ƙwallo kaɗai yake yi miki ba. Na san halinmu, za ki so ki ɗauki wadda ta fi shi girma don ta daɗe. Wannan karon ki sayi daidai jikinsa. Nan da shekara biyu ta matse shi, daidai lokacin da kwantiragin zai ƙare, sai ku sake zama ku yi shawara.